Saitin Kafireton Babur, da Dalilin da Ya Sa Ba Na Cire Cok

Tun ƙarshen watan Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, maganar da na fi ji a bakin rumfata ita ce, "Oga, a rage min shan mai." Mai Boxer zai faɗa, mai Jincheng zai faɗa, har malamin makaranta mai 'yar roba-robarsa. Da yawansu kuma in na sunkuya na leƙa gefen kafireton sai in tarar babu cok, wato abin da ake ja don ƙara wa injin mai lokacin tayar da shi da sanyi. An cire an yar, ramin da sandarsa ke shiga ko dai yana hangame ko an cusa masa guntuwar leda. In na tambaya sai a ce, "Ai wancan bakaniken ya ce ba shi da amfani a ƙasar zafi. Kuma ka ga ko da asuba bugu ɗaya yake tashi."

To wannan bugu ɗayan da ake taƙama da shi, ta nan man yake zurarewa. Sai dai ba za a gane hakan ba sai an san yadda abin yake aiki, don haka za mu bi saitin daga farko, cok ɗin ya zo a muhallinsa.

Abin da ke faruwa a cikin kafireto

Kafireto ba ya tura mai. Fistin ne idan ya sauka yake zuƙo iska, iskar ta ratsa ta maƙogwaron kafireto inda hanya ta tsuke, gudunta ya ƙaru, ta tsotso fetur daga kofin da ke ƙasa ta wasu 'yan ƙananan ramuka. Aikin kenan gaba ɗaya. Injin yana son haɗin da ya kai kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Mu a rumfa ba mu da ma'aunin wannan, sai mu kwatanta da koko: in mai ya yi yawa mu ce haɗin ya yi kauri, in iska ta rinjaya mu ce ya tsinke. Da waɗannan kalmomi biyu zan yi ta magana har ƙarshe.

Abin da ke rikita masu koyo shi ne ɗaukar cewa sukuru ɗaya ne ke mulkin komai. A'a. Hanyoyin mai uku ne, kowace da yankinta a hannun totur. Daga silo zuwa kwata, ƙaramin jet (ɗan tagulla mai rami da ke auna mai) ne da sukurun haɗi ke aiki. Daga kwata zuwa kwata uku, allura ce. Daga nan zuwa ƙurewa, babban jet. Suna ɗan shiga gonar juna, amma a taƙaice haka rabon yake. Saboda haka wanda babur ɗinsa ke sheƙewa a kan titin Zariya da totur a ƙure, ya zo yana murɗa sukurun silo, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Ka naɗa farin salatif a gindin hannun totur, ka ja layi a inda yake rufe da inda yake ƙurewa, ka raba tsakani gida huɗu. Idan babur ya yi maka gardama a hanya, kallo ɗaya za ka san a wane gida matsalar take.

Kafin ka taɓa sukudireba

Maigidana da na koyi aiki a hannunsa yakan ce rabin ciwon da ake ɗora wa kafireto ba nasa ba ne. Na daɗe kafin in yarda, sai da na ɓata yini guda ina sauya jet a wani CG125 alhali bawul ɗinsa ne ya matse.

Fara da iya-kilina, wato matatar iska. A ƙasarmu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu kan toshe soso cikin mako biyu. Toshasshen soso cok ne wanda ba ka ja ba: iska ta ragu, haɗi ya yi kauri. Idan na soso ne a wanke shi da kalanzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya, a ɗiga masa baƙin mai mai tsabta kaɗan a mulmula har ya game. Idan na takarda ne a kaɗe ko a sauya, ba a wanke shi. Kuma kada ka yi saiti babu iya-kilina a jiki, don da zarar ka mayar da shi duk abin da ka yi ya rushe.

Sai bawul, kuma da injin a sanyaye ake auna shi. A injin irin na CG125 tazarar milimita 0.08 ce, a yawancin roba-roba masu 110 kuma 0.05, amma in kana da littafin babur ɗinka bi abin da ya ce. Bawul ɗin da ya matse yana hana tashi da safe yana kashe silo, kamar dai kafireto ne ya lalace. Sai fulogi: tazarar bakinsa tsakanin 0.6 da 0.7, wutarsa ta zama shuɗiya mai ƙarfi. Sai wuyan robar da ke haɗa kafireto da injin. Zafin rana yana tsattsaga shi, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Ka bar injin a silo ka ɗan fesa maganin wanke kafireto a kewayen wuyan. In sautin ya sauya, akwai kafa. Fesawa kaɗan, nesa da salansa, kuma a waje.

Na ƙarshe shi ne man kansa. Fetur ɗin 'yan bumburutu da aka surka da kalanzir, ko wanda ya kwana a jarka mai ruwa, babu saitin da zai zauna a kansa. Ka tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ɗaga. Ruwa yana kwanciya a ƙasa kamar ƙwallon idon kifi.

Wanki

Rufe famfon mai. Kwance sukurun da ke gindin kofi man ya zube a gwangwani, ba a ƙasa ba, kuma mai shan sigari ya matsa. Kwance murfin sama ka zaro fistin ɗin kafireto (wanda wayar totur ke ɗagawa) da allurarsa, ka bar su a rataye a jikin waya. Sannan ka kwance notuna biyun wuya da ɗamarar iya-kilina ka ciro shi.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle ko tire, don kayan ciki ƙanana ne, in suka faɗa yashi sai haƙuri. Kafin ka fitar da sukurun haɗi, ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga juyi har ya taɓa, ka rubuta adadin a ƙasa ko a tafin hannu. Taɓawa kawai, ban da ƙarfi, domin tsininsa siriri ne, in ya karye a ciki kafireton ya tashi aiki. A wasu akwai sifirin da 'yar washa da ɗan zoben roba a bayansa, a kula da jerinsu.

Buɗe kofi, zare ƙusar fulot (abin da ke yawo a kan mai, yana tsayar da shigarsa in kofi ya cika), ciro fulot da 'yar allurarsa. Jet biyu za ka gani: babba a tsakiya, ƙarami a gefensa cikin rami mai zurfi. Ƙaramin nan shi ne uban rigima. Raminsa bai kai rabin milimita ba, ƙwayar ƙura ɗaya ta ishe shi. Ɗaga shi ka kalli sama ta cikinsa, ya kamata ka ga haske a zagaye tas. In bai fita da feshi da hurawa ba, ka zaro sili ɗaya na jar wayar lantarki ka zura a hankali. Ban da allurar ɗinki, ban da wayar birki. Jet tagulla ne, ƙarfe yana cinsa, ramin da ka faɗaɗa kuma ba ya komawa. Na sha ganin babur mai zuƙar mai kamar raƙumi, da aka bincika sai a tarar tsinken ƙarfe aka yi shekara ana sosa masa jet da shi.

Ka fesa kowace kafa ta jikin kafireton ka ga ta ina feshin ke fita, musamman 'yan ramukan da ke bakin shigar iska da wanda ke gaban fistin ta ɓangaren injin. Kau da ido, maganin yana dawowa fuska.

Tsayin mai a kofi

Wannan mataki ana yawan tsallake shi, alhali duk jet ɗin daga kofin nan suke sha. In mai ya yi sama, ko'ina ya yi kauri, har ya riƙa obafulo yana ɗiga ta tiyo. In ya yi ƙasa, babur ya riƙa yankewa a doguwar tafiya kamar mai ya ƙare.

Girgiza fulot kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki ya huje, sauya shi. Dubi kan 'yar allurar: in zobe ya fito a jikin robar, ta cinye. Bayan ka haɗa ka mayar, sa farin tiyo a bakin magudanar kofi, ka lanƙwasa shi sama a jikin kafireton, babur a tsaye kan babbar ƙafarsa ta tsakiya, ka buɗe famfo da sukurun gindi. Inda mai ya tsaya a tiyon nan yake a ciki. A yawancin ƙananan baburanmu yana tsayawa daf da layin da kofi ya haɗu da jiki, ko ƙasa da shi kaɗan. Fulot mai harshen ƙarfe ana ɗan tanƙwara harshen a gyara. Na roba zalla ba ya tanƙwaruwa, sai sauyi.

Saitin silo

Yanzu aka zo wurin da ake buƙatar kunne. Sukuru biyu ne. Ɗaya mai sifirin a waje, yana ɗaga fistin ɗin kafireto, shi ne na ƙara ko rage silo. Ɗayan shi ne na haɗi, kuma iri biyu ne, wanda rashin bambance su ke sa mutum ya yi ta ƙara mai yana zaton ragewa yake. Idan sukurun yana ɓangaren iya-kilina, iska yake aunawa: kwancewa na tsinka haɗi, ɗaurewa na kauranta shi. Wannan ya fi yawa a roba-roba. Idan yana ɓangaren injin, galibi a ƙasa yana kallon sama kamar na CG, mai yake aunawa: kwancewa na ƙara mai.

Ka hau babur ka zaga na minti goma, injin ya yi zafi sosai, cok a kashe. Saiti a kan injin mai sanyi ƙarya ne, zan dawo kan wannan. Mayar da sukurun haɗi juyi ɗaya da rabi daga inda ya taɓa. Ɗaga silo kaɗan fiye da yadda ya kamata. Sai ka fara murɗa na haɗi kwata-kwata, kowane murɗi ka dakata ka ƙirga goma, don injin ba ya amsawa nan take. Ka bi gefe ɗaya har sauti ya fara faɗuwa, ka riƙe wurin. Ka juyo ɗaya gefen, sauti zai hau, ya yi sumul, sannan ya sake faɗuwa. Tsakanin faɗuwar biyu, inda injin ya fi gudu kuma bugunsa ya fi daidaita, nan ne wurin. Daga nan sai ka sauke silo da ɗaya sukurun zuwa wajen juyi 1,400 a minti. In babu agogon juyi, shi ne inda injin ke bugawa a natse, ba ya rawa, ba ya mutuwa in ka kama birki fitila ta kama. Masu son silo ya yi ƙasa sosai har ana ƙirga bugun, burgewa ce kawai, famfon baƙin mai ba ya tura isasshe zuwa kan injin a wannan gudun.

Sannan ka fizgi totur ka saki. In ya amsa nan da nan ya dawo silo ba jinkiri, madalla. In ya yi "bwoo" kamar zai mutu kafin ya ɗauka, ko ya rataye a sama ya ƙi saukowa da wuri, ya tsinke. In ya faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, ko warin ɗanyen mai na tashi daga salansa, ya yi kauri.

Adadin juyin ma labari yake ba ka. Idan sukurun mai ya haura juyi uku a waje kafin injin ya gamsu, ƙaramin jet ya yi kaɗan ko bai wanku ba. Idan sukurun iska sai da ka kusa rufe shi, nan ma haka. Idan kuwa kana murɗawa ciki da waje injin ko gezau, to mai yana shigowa ta wata hanya: ko fulot ya yi sama, ko an ɗaga fistin da yawa, ko ba a gama kashe cok ba.

Allura

Ɗan acaɓa da mai zuwa kasuwa duk a tsakiyar totur suke yini, don haka a nan mai ya fi tafiya. A kan allurar akwai tsaga, galibi biyar, da ɗan zoben ƙarfe a ɗaya daga cikinsu, yawanci ta tsakiya. In ka ɗaga zoben zuwa tsagar sama, allura ta nutse, mai ya ragu. In ka sauke shi, allura ta ɗago, mai ya ƙaru. Mutane kan juya wannan a kai, sai a tuna cewa zobe da allura kishiyoyi ne, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Ka cire zoben a cikin leda, don in ya yi tsalle ba ka ƙara ganinsa.

Gwajin a kan hanya ake yi. Nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso, giya ta uku ko ta huɗu, riƙe totur a rabi. Babur mai tsinkakken haɗi yakan riƙa fizga gaba yana ja baya, in ka saki totur salansa ta yi ta tas-tas, zafin injin ya riƙa dukan ƙwauri. Mai kauri kuma yakan yi ƙugi, ya yi nauyi, yana in'ina. Tsaga ɗaya za ka matsa, ka sake gwadawa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

A nan ne ake yi wa masu neman rage shan mai aika-aika. A kai zobe tsagar ƙarshe ta sama, a matse sukuru, mai babur ya tafi yana murna. Injin namu iska ce ke sanyaya shi, kuma ɗan rarar man da ke cikin haɗi yana taimakawa wajen rage zafi. An taɓa kawo min wani Boxer a bayan a-kori-kura a watan Afrilu, an yi masa irin wannan saitin, ya ɗauko mutum biyu da buhun masara daga ƙauye da tsakar rana. Da na buɗe, kan fistin ya yi fari ya fara narkewa, bawul ɗin salansa ya ƙone gefe guda. Mai shi ya tsaya yana kallo ya ce, "Oga, wallahi lita ɗaya nake ragewa a kwana biyu." Kuɗin fistin da ringi da bawul da gaskit ya cinye ragin wata da watanni.

Wasu sababbin babura allurarsu tsaga ɗaya ce tak. Irin wannan a bar ta yadda kamfani ya yi.

Babban jet da karatun fulogi

In ba ka sauya salansa ko iya-kilina ba, kusan kullum babban jet ɗin da babur ya zo da shi shi ne daidai, ka bar shi. Wanda ya huda salansa don ƙara, ko ya sa ɗan buɗaɗɗen iya-kilina, shi ne zai buƙaci babba. Lambar da ke jikin jet ɗin Keihin kusan faɗin raminsa ce, 100 na nufin wajen milimita ɗaya. Wasu na Mikuni kuwa da yawan man da ke wucewa ake lissafinsu, don haka lamba ɗaya ba ta nufin girma ɗaya. Na jabu kuma, lambar ado ce.

Gwaji mai sauƙi: a giyar ƙarshe ka ƙure totur, sannan ka ɗan sassauta kaɗan. In babur ya ƙara ƙarfi da ka sassauta, jet ya yi kaɗan. In kuma a ƙure yana ƙugi ya ƙi sakin jiki, ya yi yawa.

Don tabbatarwa sai a tambayi fulogi. Ka yi tafiya a gidan totur ɗin da kake son dubawa na ɗan lokaci, ka kama kuloci ka kashe makulli tare, ka gangara ka tsaya. Kada ka bari ya yi silo, don silo yana goge shaida. Ciro fulogi da tsumma. Kalar ƙuli-ƙuli ko soyayyar gyaɗa a jikin farin tangaran, lafiya. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, kauri. Fari fat, tsinkewa, kuma wannan ya fi haɗari. Baƙi mai maiƙo kuwa ba laifin kafireto ba ne, baƙin mai ne ke hayewa ta ringi ko ta robar bawul.

To, cok fa?

Ruwan fetur ba ya kamawa a cikin injin, tururinsa ne ke kamawa. Da injin yana da zafi, mai na shiga yake zama tururi. Da asubar hunturu kuwa, ƙarfe ya kwana a sanyi, mafi yawan man sai ya lafe a bangon wuya da silinda kamar raɓa, abin da ya isa ga fulogi ya tsinke ƙwarai. Ga shi kuma iska mai sanyi ta fi nauyi, tana ƙara tsinka shi. Aikin cok shi ne ya kauranta haɗin na minti ɗaya ko biyu, sannan ya janye hannunsa.

Yanzu a duba lissafin. Babur ɗin da aka saita daidai a kan injin mai zafi, dole ya nemi cok da sanyin safiya. In ka ga yana tashi bugu ɗaya a watan Janairu babu cok, kuma ya zauna silo nan take, ma'anarsa an kauranta silonsa har ya ishi injin mai sanyi. Bayan minti biyar injin ya yi zafi, amma kaurin nan yana nan, da shi za a yini, a kowace danja, a kowane cunkoso. Wato an cire cok na minti biyu an maye gurbinsa da cok na yini guda. Ba a aljihu kaɗai abin ke tsayawa ba: rarar man tana wanke baƙin mai daga bangon silinda, tana gangarawa ƙasa ta surka shi. Zaro sandar auna baƙin mai ka sansana, in ka ji fetur ka san labarin.

Cok iri biyu ne a baburanmu, kuma ba a sarrafa su iri ɗaya. Na farko faifai ne a bakin shigar iska, in ka ja ya rufe, injin ya zuƙi mai da yawa. Shi ne a CG da 'yan'uwansa da yawancin roba-roba. Na biyu ba ya rufe iska, ɗan fegi ne da ke buɗe wata hanyar mai ta daban. Wannan in ka ja shi kada ka taɓa totur, don buɗe totur na kashe zuƙar da yake dogaro da ita. Akwai kuma na lantarki a wasu sikuta, wanda ke kwana a buɗe, ya rufe kansa in wuta ta ɗumama shi. In wayarsa ta tsinke, a buɗe zai zauna har abada, babur ya yi ta hayaƙi ba a san dalili ba.

Masu cewa faifan yana tare iska, in an cire babur zai ƙara gudu, na gwada a kan 125 fiye da sau ɗaya, ban ji komai ba. Faifan da ya buɗe sosai a kwance yake, kaifinsa kawai iska ke gani. Abin da na gani shi ne ramin sandar da aka bari, yana zuƙar iskar da ba ta bi ta soso ba, ƙura kai tsaye zuwa ringi.

Gaskiyar da ke cikin ƙorafinsu ita ce cok yana lalacewa. Waya ta yi tsatsa ta maƙale, sifirin ya saki, faifai ya tsaya rabi, ko robar kan fegi ta cinye mai ya riƙa yoyo. Duk waɗannan suna jawo shan mai, amma maganinsu gyara ne. Cire tiyon iya-kilina ka leƙa: da cok a kashe faifan ya kwanta ɗoɗar, in ka taɓa shi da yatsa kada ya yi lilo. Ɗiga mai a waya, ka bar mata ɗan sako-sako don juya kan babur kada ya ja ta. Na fegi ka zaro ka dubi robar, in ta yi rami sauya fegin.

Akwai kuma amfanin da ba a faɗa: cok ma'auni ne na kyauta. Injin da ya yi zafi, in ka ɗan ja cok ya kamata ya shaƙe ko ya mutu. In ka ga ya ƙara lafiya, to haɗinka ya tsinke, nemi toshewar ƙaramin jet ko tsagewar wuya. Wanda ya cire cok ya zubar da wannan gwajin.

Lokaci ɗaya nake yarda a cire: idan sandar ta cinye ko ƙusoshin faifan sun yi sako-sako har ana tsoron injin ya haɗiye su, kuma babu wani a kusa. Ko a nan sai a toshe ramukan biyu da gam mai jure fetur, ba leda ba, a bar saitin silo yadda yake daidai, mai babur ya haƙura da bugu huɗu ko biyar da safe har a samo sabo. Na fegi kuwa ba a zare shi a bar gurbin, don hanyar man za ta kasance a buɗe.

Yadda ake tashi da shi: buɗe famfo, ja cok gaba ɗaya, buga ba tare da murɗa totur ba. Yana kamawa, mayar da shi rabi in mai faifai ne. Bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, da zarar ya amsa totur ba tare da tari ba, kashe shi ka tafi a hankali. A watan Afrilu da Mayu wataƙila ba za ka buƙace shi ba sam, wannan ba laifi ba ne. In kuma ka yi ta bugu har warin mai ya tashi, ya sha ya ƙoshi: kashe cok, ƙure totur, buga sau da yawa ya share. Kada a ɗumama babur a cikin zaure ko shago a rufe, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Yanayi da tudu

Saitin da ka yi a Janairu zai ɗan yi kauri in zafi ya kai digiri 40, don iska mai zafi ba ta da nauyi. Kwatan juyi a sukurun haɗi ya isa, sau biyu a shekara. Haka tudu: Jos tana kan kusan mita 1,200, tsaunin Mambila ya fi haka, iskar can ta fi ta Kano ko Sakkwato sauƙi. Babur ɗin da ya hau can zai yi kauri ya rage ƙarfi, wanda ba ya kashe injin. Wanda aka saita a Jos aka sauko da shi ƙasa shi ne abin lura, don tsinkewa zai yi. In zama za ka yi, sake saiti. In kwana biyu ne, ƙyale shi.

Daga ƙarshe ka auna, kada ka dogara da "ina ji kamar ya rage". Cika tanki har wuya, rubuta lambar kilomita, yi zirga-zirgarka ta kwana biyu ko uku, ka koma famfo ɗaya ka sake cikawa har wuya. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Ka yi haka kafin saiti, ka sake bayansa, da iskar taya iri ɗaya da sarƙa a shafe da mai. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a rabin baburan da ke zuwa wurina, ka zaɓi hanyar da ka san tsawonta, ka rataya gorar lita ɗaya da tiyo zuwa kafireto a madadin tanki, ka ga inda za ta kai ka. Ka riƙe wata litar a jaka don dawowa.